Cokali 16 a rana: Sukarin da muke ɗura wa 'ya'yanmu da sunan gata

Ranar da likitan haƙori ya leƙa bakin 'yata mai shekara huɗu, ya ɗago kai ya tambaye ni abin da take ci daga safe zuwa dare, sai na shiga inda-inda, domin kuwa ban taɓa zama na yi wannan lissafi ba. Haƙoranta biyu na ciki sun riga sun yi kogo. Da na koma gida, ni da uwargida muka ɗauko takarda da biro, muka bi cimarta ta wuni guda, muna duba abin da aka rubuta a bayan kwali, muna mayar da kowane giram huɗu na sukari cokalin shayi ɗaya. Shayin safe cokali uku, ɗan kwalin jus da ake saka mata a jakar makaranta biyar, biskit biyu, kunun rana biyu, yogot na yamma huɗu. Jimla cokali 16, ban da minti da alawar da baƙi da kakanni kan miƙa mata.

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan adadi, a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga cimarsa ta rana, ta kuma ce gara a sauko da shi ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, kashi 10 ɗin nan bai wuce cokali 12 ba. A 2016 kuma Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta yanke wa yara masu shekara biyu zuwa 18 iyakar giram 25, kimanin cokali shida ke nan a rana, ta ce wanda bai cika shekara biyu ba kada a ƙara masa ko kaɗan. Ashe yarinyar da nake tutiyar ina kula da ita tana shan abin da ya fi ƙarfin babban mutum.

Na tabbata ba gidana kaɗai ke cikin wannan hali ba. Mu da Allah Ya hore wa albashi, mun ɗauki abincin kwali da na gwangwani a matsayin alamar wayewa da ci gaba. Yaron da ya je makaranta da dafaffen ƙwai da ayaba sai a ga kamar iyayensa sun gaza, wanda ya je da jus da biskit kuwa shi ne ɗan gata. Ranar suna da ranar biki, darajar mai gida tana ga yawan akwakun lemon da ya sauke. Alhali mafi yawan lemon kwalba na ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100, ma'ana kwalbar rabin lita ɗaya ta cinye rabon babban mutum na wuni guda, ta ninka na yaro sau biyu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne tun daga goyo ake kafa wannan sabo. A watan Afrilun 2024, wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye, tare da ƙungiyar IBFAN mai fafutukar kare abincin jarirai, sun fitar da rahoton da ya nuna cewa Cerelac da kamfanin Nestlé ke sayarwa a ƙasashe masu tasowa, har da Najeriya, yana ɗauke da ƙarin sukari, a wani samfurin namu har giram 6.8 a damu ɗaya, alhali irinsa na alkama da ake sayarwa a Jamus da Birtaniya babu ƙari ko kaɗan. Kamfanin ya kare kansa da cewa yana bin dokokin kowace ƙasa. To, in haka ne, sai mu tambayi kanmu: me ya sa dokarmu ta yarje wa jaririn Kano abin da ba a bai wa jaririn Landan?

Masana sun daɗe suna cewa abin da harshen yaro ya saba da shi a farkon rayuwa yana binsa har girma, kuma tarihi ya ba su hujja. Birtaniya ta ci gaba da rabon sukari da awo bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa watan Satumban 1953, kuma ana ɗage takunkumin shan sukari ya kusa ninkawa. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024 ya kwatanta mutane kusan 60,000 da aka haifa gabanin wannan lokaci da bayansa. Waɗanda suka yi zaman ciki da shekara biyun farko a lokacin ƙarancin sukari, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kimanin kashi 35 cikin 100, na hawan jini kuma da kimanin kashi 20. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ɓangaren hukuma, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022. Wannan naira biyar ke nan a kan kwalbar rabin lita, kuɗin da ko minti ɗaya ba zai saya ba, ga shi WHO cewa ta yi sai haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 kafin a ga raguwar sha. Birtaniya, da ta fara nata harajin a 2018, ta ɗaure shi ne da yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni da kansu suka rage zaƙin kayansu domin su tsira. Ƙasar Chile kuwa tun 2016 ta wajabta manna baƙin tambarin gargaɗi a gaban duk kwalin da sukarinsa ya yi yawa. Irin wannan nake fatan Majalisar Tarayya da hukumar NAFDAC su duba, domin uwar da ke sayayya a kanti ba ta da sukunin karanta ƙananan rubutun da ke bayan kwali.

Sai dai ba za mu naɗe hannu muna jiran Abuja ba. A gidana ba mu yi wa abin yankan ƙauna ba, sannu a hankali muka bi shi. Kowane mako muka rage rabin cokali a shayi da kunu, cikin wata biyu yaran suka daina tambaya. Muka daina ajiye lemo a firij, ya koma abin ranar Sallah. Jakar makaranta ta koma ruwa da ƙwai da gyaɗa da gwanda ko kankana. Ƙaramin da ake shirin yayewa kuwa, kunun gyaɗarsa da na waken soya ba su taɓa ganin sukari ba, kuma yana sha har da lasar baki. Mun kuma gane cewa maye gurbin sukari da zuma ko mazarƙwaila ko matsattsen ruwan 'ya'yan itace ba mafita ba ne, domin WHO ta lissafa zuma da jus cikin sukarin da ta ce a rage, kuma likitoci sun hana bai wa jaririn da bai shekara ba zuma.

Inda muka fi shan wuya shi ne wajen mahaifiyata. Da na roƙe ta ta rage tsarabar alawa, sai ta ce, "Kai ma da me ka girma? Ko jikokin nawa za ka hana ni yi wa gata?" Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, a zamaninmu ƙirga mana ƙwayar sukari kike yi, lemo kuwa sai Sallah ko in mutum ya kwanta ciwo." Ta yi shiru, sannan ta yi dariya. Yanzu tsarabarta dabino ce da aya da goriba. Uban da yake hana yaro lemo yana kurɓar nasa a gabansa kuwa, wahalar banza yake yi, don haka ni ma na rage nawa.

Wani zai ce a yankin da tamowa ke kashe yara, maganar rage sukari ta masu ƙoshi ce. Gaskiya ne binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Arewa maso Yamma 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Amma ai matsalolin biyu dangin juna ne. Yaron da ya cika ciki da ruwan zaƙi ba zai nemi wake da zogale ba, kuma kuɗin kwalbar lemo ɗaya ya isa sayen ƙwai. Maƙwabtanmu masu ƙaramin ƙarfi suna kallonmu suna kwaikwayo, saboda haka nauyin da ke kanmu biyu ne.

Ina roƙon mai karatu ya ɗauki takarda da biro yau ɗin nan, ya ƙirga cokulan ɗansa na wuni ɗaya kamar yadda na ƙirga, sannan ya yanke hukunci da kansa. 'Ya'ya amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya, amin.