SHARHI: Daji na nan a taswira, itacen ne ke ƙarewa

Duk damina, jihohin Arewa kan sanar da adadin itatuwan da suka dasa. A Gombe, shirin 3G da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019 ya ɗauki alwashin dasa miliyan ɗaya a kowace shekara. A watan Satumban shekarar kuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi wa taron Majalisar Ɗinkin Duniya alƙawarin dasa miliyan 25 a faɗin ƙasa. Sai dai ƙidayar dashe ba ta amsa tambayar da masu ba da rance da masu cinikin kabon ke yi a yau: tan nawa na itace ke tsaye a kowace hekta ta dajin Najeriya, kuma ƙaruwa yake yi ko raguwa?

Ma'aunin da ake nufi shi ne nauyin duk abin da itatuwa masu rai ke ɗauke da shi a saman ƙasa, wato kututture da rassa da ɓawo da ganye, idan an busar da su. Yana cikin ma'aunan da ƙasashe ke miƙa wa Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ƙarƙashin muradi na 15 na Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa. Kusan kashi 47 cikin ɗari na busasshen itace kabon ne, don haka ƙona tan ɗaya na sakin kimanin tan 1.7 na iskar da ke ɗumama duniya.

Abin da aka fi ambato a ofisoshin Abuja shi ne faɗin daji. Rahoton FAO na 2020 ya nuna dajin Najeriya ya ragu daga kimanin hekta miliyan 26.5 a 1990 zuwa miliyan 21.6 a 2020, wato asarar hekta 163,000 a shekara. Jimillar abin da aka rasa ya ninka faɗin Jihar Gombe fiye da sau biyu. Amma rahoton hukumar na 2010 ya ce hekta miliyan 9 kacal suka rage a lokacin, ana kuma asarar kimanin 410,000 a shekara. Daji bai ninku cikin shekara goma ba. Hanyar ƙiyasi ce ta sauya. Ma'aikacin da ke rubuta wa minista jawabi ya kamata ya san daga wane rahoto ya ɗebo alƙalumansa, domin haɗa na 2010 da na 2020 a layi guda zai haifar da labarin da bai faru ba.

Ko da alƙaluman faɗi sun daidaita, suna ɓoye wata asarar. A ma'anar FAO, fili ya zama daji idan ya wuce rabin hekta, itatuwansa na iya kai mita biyar, inuwarsu kuma ta rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na ƙasa. Ke nan ana iya sare manyan kirya da marke na wani gandu, a bar ƙanana, taswira ta ci gaba da kiransa daji. Haka fatauci ya yi wa madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, a Taraba da Adamawa, har yarjejeniyar CITES ta dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Manyan itatuwa ƙalilan ne ke riƙe da mafi yawan nauyin hekta.

Shi ma matsakaicin ƙasa yana iya yaudara. Idan dazuzzukan Arewa marasa kauri suka fita daga lissafi saboda sun zama gonaki, aka bar masu kauri irin na Kuros Riba, matsakaicin zai tashi alhali ƙasa ta yi asara.

Gombe na nuna inda matsin yake. Tun da ta zama babban birnin jiha a 1996, garin ke faɗaɗa, buƙatar itacen girki da gawayi na bin sa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, gas da kananzir sun yi tsada, gidaje da dama suka koma kan murhu. A ramin ƙona gawayi na gargajiya, kilo ɗaya kan ci kilo biyar na itace ko fiye. Ƙasar Gombe mai yashi ce, idan saiwa ta bar ta ruwa ke tafiya da ita, kuma kwazazzaban da suka ratsa unguwannin birnin, waɗanda aka kashe kuɗin Bankin Duniya na shirin NEWMAP wajen ginewa, shaida ne. Gandun dajin Kanawa da burtalin Wawa-Zange su ne wuraren da ya dace a fara aunawa.

Dashe na da amfani, amma lissafinsa ƙarami ne. Idan aka ba da tazarar mita uku, dashe miliyan 25 zai rufe hekta 22,500, abin da bai kai ɗaya bisa bakwai na asarar shekara guda ba, kuma sai an ɗauka cewa babu wanda fari ko awaki suka kashe. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun bi wata hanya tun shekarun 1980: manoma suka riƙa renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututturan gawo da sauransu a gonakinsu, har aka ƙiyasta sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar.

Kayan awo ba su ne matsala ba. Na'urar GEDI ta Amurka na auna tsawon itatuwa daga tashar sararin samaniya, hukumar sararin samaniyar Turai kuma ta harba tauraron Biomass a watan Afrilun 2025 don wannan aiki. Amma tauraro na buƙatar ma'aikacin gandun daji da ya auna kaurin itatuwa a fili guda, ya kuma koma bayan shekara biyar. Matsalar ita ce Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamnoni, yayin da Gwamnatin Tarayya ce ke ba da rahoto, ita ce kuma ta yi alƙawarin daidaita hayaƙin ƙasa nan da 2060.

Akwai damar ɗinke wannan ɓaraka. Shirin ACReSAL na dala miliyan 700, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a Disamban 2021, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa na aiki a jihohi 11, har da Gombe. Ma'aikatar Muhalli na iya gindaya sharaɗin kafa filayen awo na dindindin, Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan ta tsara hanya guda, sannan a riƙa wallafa yawan dashen da ya rayu bayan shekara uku tare da nauyin itacen kowace hekta. Rance ne aka ci, kuma lokacin biya na tafe. Ya kamata mai biyan haraji ya san ko dajin da aka ciwo bashin dominsa ya ƙara kauri.