Hutun ƙarshen mako: ga Kutus a ƙofar gidanmu

Da an ce hutu, sai hankalinmu ya tafi Yamai ko Kano, mu zuba kuɗin mota, mu dawo da gajiyar da ta fi wadda muka tafi da ita. Alhali ga tsaunukan Kutus can arewa da Gure, wajen Kelle, ga kuma duwatsun Muniyo kewaye da mu.

Ka tashi ranar Asabar da sassafe, lokacin sanyi, da butar shayi da gorar ruwa da tabarma. Ka hau dutse ka zauna. Ba ƙarar babur, ba kiran waya, sai iska da kukan awaki daga nesa. Lahadi da la'asar kana gida, zuciya wasai.

Bature Heinrich Barth ya ratso hamada tun daga Tarabulus, ya iso Gure a 1852, ya rubuta labarin ƙasar Muniyo. Mu da muka gaje ta, yara nawa muka kai su ganta?

Amma fa a yi hattara. Ana sare itatuwa, rairayi na cinye kwaruruwan dabino. Wurin da ba a ziyarta, ba mai kishinsa. Shawarata ga magadan gari da ƙungiyoyin matasa: a kafa rumfunan hutu, a horar da 'yan jagora daga ƙauyuka, mai nono da mai dabino su samu kasuwa. Wanda ya je kuma ya kwaso ledarsa.

Kai fa, yaushe rabonka da Kutus?