GIYA CE, KO DA AN BA TA ƊANƊANON KANYA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwa Musulmi, wajibi ne mu ja hankalinku ga wata tsohuwar fitina da ta sake riga. A ƙasashen Turai ana yin wata barasa da ruwan tuffa: a matse shi, a bar shi ya tsima har zaƙinsa ya juye ya zama maye, sa'annan a ƙara masa ɗanɗanon 'ya'yan itatuwan daji da jan launi. Irinta ce Rekorderlig ta Suwidin, da Strongbow ta Ingila. Barasar da ke cikinsu takan kai kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari, wato ƙarfinta ɗaya da giyar kwalba da kowa ya sani, illa dai an rufe ɗacin da sukari.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda ake tallarta. Ba a nuna bugagge yana tangaɗi. Wani lokaci faranti ake nunawa, ana koya wa mutane cewa wannan ta dace da gasasshen nama, waccan da kifi ko cuku. Manufar a fili take: a ɗauke ta daga gidan giya, a zaunar da ita kusa da akushi. Yaron Bodinga ko Shagari da ya tashi yana tsinkar kanya da ɗinya da magarya, in ya ga hoton 'ya'yan itace a kwalba cikin wayarsa, me zai hana shi ɗauka 'yar'uwar zoɓo ce, ya nemi ya kora tsire da ita?

Malamanmu na Malikiyya ba su rataya hukunci a kan suna ko ƙamshi ba, a kan maye suka rataya shi. Jiƙon dabino halas ne matuƙar bai tsima ba. Da zarar ya kai ga bugarwa ya haramta, kurɓi ɗaya da tulu duk ɗaya ne. Masu cewa ai 'yar kaɗan ce, don abinci ya wuce, su faɗa mana daga wane malami suka karɓo wannan rangwame.

Kuma wannan ƙasa ba kowace ƙasa ba ce. A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa yana Bodinga. Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, amma doka ba ta karanta wa mai saye rubutun jikin kwalba, wanda ake yi da Turanci da ƙananan haruffa.

Saboda haka muna kira ga masu shaguna da masu firij na bakin hanyar Bodinga zuwa Shagari: kowane katan da dillali ya kawo, a duba alamar kashi cikin ɗari ta barasa kafin a sauke shi. Limamai kuma su riƙa bayyana wannan alama a huɗubar Juma'a, malaman Islamiyya su zana ta a allo yara su gane ta.