Waƙa Ma Jari Ce

Ƴan kasuwa da iyayenmu mata na Dakoro, yau da ku muke. Mu ma'aikatan rediyo mun lura yaranmu sun haddace waƙoƙin salula, amma kaɗan ne ke iya kawo baiti biyar na rubutacciyar waƙar Hausa. Injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, ga kuma iyaye na tsawata wa yaro in yana rerawa, wai shashanci ne.

To, da waƙa Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta karantar da matan ƙauyuka ta hanyar ƴan taru. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma Imfirajinsa ya zaga kasuwanni a bakin mabarata.

Yaron da ya saba da baiti, haddarsa na ƙarfi a lakwal da makarantar allo, bakinsa kuma ya iya jan mai saye.

Uwa, ki koya wa ɗiyarki waƙar daka da ta reno tun ba su ɓace ba. Alhaji, in ka je sari Maradi, ka haɗo da littafin waƙa guda. Da dare a zaunar da yaro ya rera, a saurara, a yaba masa.

Allah ya sa mu dace.