Sule Lamido: Jarumin Fim Ne Ko Bos?

Yau ba sabuwar waƙa na kawo muku ba, kuma ba tallan fim ba ne, ku yi min uzuri. Wani musu ne ya kaure a teburin mai shayinmu a nan Farin Dutse, har shayina ya huce ban sani ba. Ana cikin hirar Kwana Casa'in sai wani abokina ya ce, da za a yi fim ɗin siyasar Jigawa, Sule Lamido ne jarumi. Wani ya yi caraf ya ce wallahi shi ne bos. Ni dai na yi shiru, da na koma gida na ce bari in zauna in rubuta abin da na fahimta.

Mu fara daga farkon fim ɗin, wanda yawancinmu ba mu gani ba don ba a haife mu ba. An haifi Lamido a Bamaina, nan kusa da Birnin Kudu, a 1948, ya yi karatu a Kwalejin Barewa ta Zariya. A 1979, yana ɗan shekara 31, ya tafi Majalisar Wakilai a Legas a ƙarƙashin PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano. Lokacin ma babu Jigawa, duk muna cikin tsohuwar Jihar Kano, sai a 1991 aka ba mu jiha. Da PRP ta dare gida biyu, santsi da taɓo, ya bi ɓangaren Abubakar Rimi, wato santsi. Tun daga nan rigima ta fara bin sa: wasu dattawan har yau suna cewa 'yan santsi sun yi wa Malam butulci, su kuma suna cewa aƙida suka riƙe.

A 1993 shi ne sakataren SDP na ƙasa, jam'iyyar da Abiola ya yi takara a cikinta a zaɓen 12 ga Yuni da aka soke. A 1998 gwamnatin Abacha ta tsare shi, shi da Rimi, saboda adawa da shirin tazarce. Da aka dawo mulkin farar hula ya zama ministan harkokin waje na Obasanjo daga 1999 zuwa 2003, sannan gwamnan Jigawa daga 2007 zuwa 2015.

Idan kana neman hujjar cewa jarumi ne, ba sai ka wahala ba. Filin jirgin sama na Dutse a zamaninsa aka yi shi. Jami'ar Kafin Hausa, wadda yanzu ke ɗauke da sunansa, shi ya kafa ta. Ya ware wa masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata, a lokacin da kuɗin ke da auki. Babana, wanda ba ɗan PDP ba ne, yakan ce kafin zuwan mutumin Dutse ba ta yi kama da babban birnin jiha ba.

Idan kuma hujjar bos kake nema, ita ma tana nan. A 2015, bayan ya sauka, EFCC ta gurfanar da shi da 'ya'yansa biyu kan zargin almundahanar kuɗi fiye da naira biliyan ɗaya, har suka kwana a gidan yarin Kano. A 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame su, bisa dalilin cewa ba a Abuja ya kamata a yi shari'ar ba, EFCC kuma ta wuce Kotun Ƙoli. Ku lura da kyau: zargi ba hukunci ba ne, amma sallama a kan inda za a yi shari'a ita ma ba wankewa ba ce. A 2017 an sake tsare shi a Dutse kan zargin tunzura jama'a gabanin zaɓen ƙananan hukumomi. Sai kuma 2023, da ɗansa Mustapha ya tsaya takarar gwamna a PDP ya sha kaye a hannun Umar Namadi. Nan ne tambayar ta fi yi min nauyi: mutumin da ya taso a gidan siyasar talakawa, yaya aka yi tutar jam'iyya ta sauka a cikin gidansa? Magoya bayansa suna cewa Mustapha ɗan ƙasa ne, yana da 'yancin neman kujera. Gaskiya ne. Amma ɗan mai kayan miya da ke Gwaram, yaushe shi zai samu tikiti?

Abin da ban iya ƙwace masa ba shi ne tsayuwa waje ɗaya. Tun da aka kafa PDP a 1998, manya nawa ne suka fita suka dawo, suka sake fita? A 2015 da guguwar Buhari ta kwashe Arewa, shi ya tsaya a inda yake. Kuma bakinsa ba ya shiru. A 2025 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, sannan ya zargi Tinubu da goyon bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, fadar shugaban ƙasa ta musanta, ta mayar masa da zargin. Wasu sun ce jarumta ce, wasu sun ce taurin kai ne da jin kai.

To me ya kawo wannan magana wajen masoya fim da waƙa? Saboda mu ne kasuwar waƙar siyasa. Da yawanmu ba mu san ɗan takara ba sai ta bakin mawaƙi. A saki waƙa mai zafi, mu ɗora a waya, mu hau TikTok da ita, shi ke nan mutum ya zama gwarzo. Gobe a ɓata da mawaƙin, ya yi masa zambo da irin kiɗan, mu sake rawa. Mawaƙi sana'arsa yake yi, an biya shi ya yi aikinsa. Mu da muka ba da ƙuri'a saboda amshi, wa ya biya mu?

Amsata ga abokaina na teburin shayi ita ce, fim ɗin Indiya ne ya saba mana da jarumi fari tas da bos baƙi ƙirin. Lamido bai shiga ko ɗaya ba. Mutum ne da ya gina abin da za a nuna da yatsa, kuma akwai tambayoyin da ya kamata ya amsa. Idan wani darakta a Kannywood zai yi fim ɗinsa, to ya sa filin jirgi, ya sa gidan yari, ya sa 2023, ya bar mai kallo ya yanke hukunci.

Mu kuma, kafin zaɓe na gaba ya zo da sababbin waƙoƙi, mu yi wa duk mai neman ƙuri'armu irin wannan lissafin: me ya yi, me ake zarginsa da shi, wa zai gaje shi. A ji waƙa, a yi rawa, amma ranar zaɓe a cire iyafis daga kunne.

Ku kuma fa, a fim ɗinku wane matsayi za ku ba shi? Sai na ji daga gare ku.