Kira Ga Mahukunta Kan Yaranmu 'Yan Ƙwallon Raga a Ikara, Makarfi da Kudan

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani. Masu girma Kwamishinan Ilimi da Kwamishinan Wasanni. Da masu girma Shugabannin Ƙananan Hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan.

Ina neman izinin gabatar da koke a kan yaranmu 'yan shekara 13 zuwa 18 masu buga ƙwallon raga a makarantun sakandare, da yadda ake shirya jikinsu kafin a fara wasa. Mai hange daga nesa zai ce maganar ba ta taka kara ta karya ba. Uban da ya taɓa ɗauko ɗansa a babur daga filin makaranta zuwa gidan mai ɗori ba zai ce haka ba.

Mai girma Kwamishinan Ilimi, ga abin da idona ya sha gani. Yara su fito daga aji jiki a sandare, balle da hunturu, a jera su, kowa ya sunkuya ya kama yatsun ƙafarsa ya ƙame, malami yana ƙirge. Wani lokaci babba ya danne bayan ƙarami wai don jijiya ta saki. Daga nan sai tsallen kwaɗo, wanda mu dai a matsayin horon mai laifi muka san shi. Masu binciken motsa jiki sun gano cewa miƙar da aka riƙe cik a tsoka ɗaya har minti guda ko fiye tana rage ƙarfin zabura na ɗan lokaci. Shi kuwa wannan wasa tsalle ne jarinsa: tsayin ragar manya mita 2.43 ne ga maza, 2.24 ga mata. Abin da ya dace shi ne a fara da sassarfa ta minti biyar, a bi da miƙa mai motsi, wato lilo da ƙafa, juya kafaɗa, dogon taku ana rusunawa, gudun gefe-gefe da ƙananan tsalle, har jiki ya ɗau ɗumi. Miƙar da ake riƙewa cik ba a yar da ita ba, gurbinta bayan an tashi wasa ne, daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowace tsoka. Muna roƙon ma'aikatarku ta fitar da wannan tsari a takarda shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, da zane, ta aika wa kowane shugaban makaranta.

Ba na ganin laifin malaman. Sau da yawa wanda aka ɗora wa wasanni malamin lissafi ne ko na tarihi da aka ga yana da kuzari, abin da aka yi masa yana ɗalibi shi yake maimaitawa. Alhali ilimin yana nan maƙwabta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen ilimin motsa jiki da kiwon lafiya, asibitin koyarwarta da ke Shika kuma na da ƙwararrun masu gashin ƙashi. Muna roƙon a shirya bitar kwana biyu a lokacin hutu a Makarfi, wadda ke tsakanin Ikara da Kudan, kuma a tabbata an gayyaci malamai mata, domin iyaye sun fi sakin jiki idan mace ce ke kula da 'ya'yansu mata a fili.

Masu girma shugabannin ƙananan hukumomi, koke na gaba naku ne. Yaron da ke tsakiyar girma ƙashinsa na iya riga tsokarsa tsawo, sai jijiyar gwiwa ta riƙa fisgar inda ta kama a saman ƙwabri. Wurin ya yi ƙululu, ya riƙa zugi bayan tsalle. Likitoci na kiransa Osgood-Schlatter, kuma yawanci yakan lafa idan an rage nauyin atisaye, an riƙa miƙa tsokar cinya a hankali. A wurinmu sunansa ragwanci. Yaro ya ce gwiwa, a ce ai jiya ya yini yana saran rake bai yi kuka ba. Wannan yini a gona kuwa shi ne ma dalilin da ya kamata a saurare shi, don bai zo fili da hutaccen jiki ba. Muna roƙon ma'aikatan cibiyoyin lafiya na matakin farko su riƙa leƙa 'yan wasan sau ɗaya a kowane zangon karatu, a kuma nemi hannun kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi.

Gaskiya guda da bai kamata in ɓoye ba: miƙa ita kaɗai ba ta hana targaɗe. Raunin da ya fi addabar 'yan wannan wasa shi ne gurɗewar idon sawu, galibi idan mutum ya diro a kan ƙafar wani a ƙarƙashin raga. A ƙasar Norway, Roald Bahr da abokan aikinsa sun wallafa a 1997 cewa irin wannan rauni ya ragu da kusan rabi bayan an koya wa 'yan wasa dabarar dira da atisayen tsayuwa da ƙafa ɗaya. Namu yaran suna dira ne a kan marmara da tsakuwa, wani filin ko layin tsakiya babu. Filin duka mita 18 ne a tsawo, 9 a faɗi. Share shi, daidaita shi, zuba masa yashi da ja masa layi ba aikin da zai gagari ƙaramar hukuma ba ne, kuma da rani ya fi sauƙi.

Mai girma Kwamishinan Wasanni, jihar nan ba baƙuwa ba ce a ƙwallon raga. Muna da Kada Kings da Kada Emeralds, kuma a 2017 ɗan jihar nan, Injiniya Musa Nimrod, aka zaɓa shugaban hukumar wasan ta ƙasa. Sai dai mu na ƙauye ba mu cika ganin masu horarwar a filayenmu ba, ga shi gasar matasa ta ƙasa, wadda aka yi a Asaba a 2023 da 2024, 'yan shekara 15 zuwa ƙasa take nema, irin waɗanda suka cika azuzuwanmu. Muna roƙon a turo mai horarwa ko ɗaya ne ya zagaya Ikara, Makarfi da Kudan, sannan a kafa gasar makarantu bayan kaka, ana karɓa-karɓa tsakanin garuruwan uku, da sharaɗin ba a busa usur sai alƙalin wasa ya ga kowace ƙungiya ta ɗumama jiki yadda takardar ta tsara.

Mai Girma Gwamna, umarninka ɗaya ya isa ya haɗa ma'aikatun biyu da shugabannin uku a teburi guda. Muna roƙon a yi wannan zama kafin sanyin hunturu mai zuwa ya sauka.



Naku cikin ladabi,
Wani uba daga ƙasar Makarfi