SAI DA RUWAN CIKI AKE JAN NA RIJIYA: Jan kunne ga masu koyar da talakawa sana'a da rabin zuciya

Da sunan Allah muke farawa. Godiya ta tabbata gare shi, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, ku sani wata al'ada ta yaɗu cikinmu wadda ake kira taimako, alhali yawancinta wasa ne da hankalin matalauta. Ƙungiya za ta tashi ta ce za ta koya wa marayu da zawarawa da almajirai da naƙasassu sana'a domin su bar bara. Sai ta tara su mako biyu, ta ba kowa takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Ni ganau ne ba jiyau ba. Wata ƙungiya da ba zan ambaci sunanta ba ta zo makarantata ta ɗebi gardawana, ta ce ɗinki za a koya musu. Ran gamawa aka ba mutum biyar keke ɗaya. Babu yadi, babu zare, babu rumfar da za su zauna, babu wanda ya sake leƙo su. Damina ba ta faɗi ba sai da suka sayar da keken suka raba kuɗin, kowa ya koma inda ya fito da takardarsa naɗe cikin gafaka. Wanka da gari ba ya maganin yunwa.

Maganata ɗaya ce: wanda talauci ya kai shi ƙasa, koyarwa kaɗai ba ta tashe shi, kyautar kaya kaɗai ba ta tashe shi, sai an haɗa masa koyarwa da jari mai isa da abin da zai ci kafin jarin ya haihu, kāna a lazimce shi har ya tsaya da ƙafafunsa. Wanda ya yi ƙasa da haka ya ɓata dukiya, ya kuma ƙara wa talaka mutuwar zuciya. Hujjata kuwa daga wata ƙasa ta Musulmi zan kawo ta, inda aka gwada abin shekaru masu yawa aka ƙididdige sakamakonsa.

Ƙasar ita ce Bangaladesh, gabas da Indiya. A shekarar 1971 aka yi yaƙin da ya raba ta da Pakistan, garuruwa suka rushe, mutane suka yi gudun hijira. A 1972 wani mutuminsu, Fazle Hasan Abed, wanda ya yi aikin lissafin kuɗi a kamfanin Shell, ya sayar da gidansa na Landan ya kafa ƙungiyar BRAC domin taimakon masu dawowa daga hijira a wani yanki da ake kira Sulla. Ya rasu a 2019, ƙungiyar kuwa ta zama ɗaya daga cikin mafi girman ƙungiyoyin taimako na duniya. Shekaru da yawa suna ba talakawa ƙananan rance domin sana'a, har suka lura da abin da ya kunyata su: mafi talaucin mutane rancen bai kai gare su ba. Bazawarar da ke kwana da yunwa ba ta yarda ta ci bashi, domin ta san cikin 'ya'yanta zai shige, masu rancen ma tsoronta suke yi. Da suka gane haka ba su ɓoye ba, suka sake hanya a 2002.

Ga yadda suka yi. Sukan tara mutanen ƙauye su zana gidajen garin, su faɗi da bakinsu wane gida ya fi kowa rashi, sa'an nan ma'aikaci ya je ya gani da idonsa, domin kada mai unguwa ya cusa danginsa. Wadda aka zaɓa, yawanci mace ce, sai a ba ta saniya ko awaki ko kaji ko jarin ƙaramin ciniki. A farkon shirin kyauta ce, ba bashi ba. A koya mata kiwon abin da aka ba ta. A riƙa ba ta ɗan kuɗin cefane na wasu watanni, domin kada yunwa ta sa ta kai akuyar kasuwa. A koya mata ajiye ɗan abin da ta samu, a duba lafiyarta da ta yaranta, ma'aikaci kuma ya riƙa zuwa ƙofarta mako-mako yana tambaya yana gyara. A kafa kwamitin dattawan gari su tsare mata dukiyarta daga ɓarawo da azzalumi. Haka har shekara 2. Ba a cewa ta gama sai an ga tana cin abinci ƙoshi, tana da hanyar samu fiye da ɗaya, 'ya'yanta suna karatu. Gidajen da suka bi ta wannan hanya a Bangaladesh sun wuce miliyan 2.

Idan wani ya ce, ai kowa ya iya yabon kansa, sai mu ce masa waɗansu masana na waje sun auna. Suka gwada hanyar a ƙasashe 6, watau Habasha da Gana da Indiya da Pakistan da Peru da Honduras, a kan gidaje 10,495. Suka yi ƙuri'a, waɗansu gidaje suka samu, waɗansu ba su samu ba, domin a gwama. A 2015 suka bayyana abin da suka gani: shekara guda bayan an janye hannu, gidajen da suka samu sun fi sauran abinci da dukiya da ajiya. A Honduras kuwa abin bai yi kyau ba, domin kajin da aka raba cuta ta kashe yawancinsu, kuma ba su ɓoye wannan ba. Ku nuna mini ƙungiya ɗaya cikin masu raba takardar shaida da ta taɓa fitowa ta ce, a wuri kaza mun fāɗi.

Abu biyu suka ƙara fitowa daga binciken masana, su ne zuciyar maganata. Na farko a arewacin Gana ne. Can aka ware waɗansu gidaje aka ba su awaki kawai, babu koyarwa babu ziyara, waɗansu kuma aka buɗe musu hanyar ajiya kawai. Duka biyun ba su sami tashi mai ɗorewa ba irin na waɗanda aka haɗa musu kome. Wannan raddi ne ga mai jefa wa talaka keke ya juya baya. Na biyu a Bangaladesh ne. Aka bi gidaje kimanin 6,000 har shekara 11, aka ga akwai wani haddi na dukiya. Wanda jarinsa ya tsallake haddin, ya ci gaba da hawa. Wanda aka ba shi amma bai kai haddin ba, sannu a hankali ya zame ya koma inda yake. Misalinsa kamar gulbi ne: wanda aka kai shi tsakiyar ruwa aka sake shi, ba a ƙetare da shi rabi ba, an nutsar da shi ne.

To, ku dubi yadda attajiranmu suke fid da zakka. Mutum zai canja ta zuwa ƙananan takardun kuɗi, ya tara jama'a ƙofar gidansa suna turereniya cikin rana, kowa ya sami na koko da ƙosai, baɗi su dawo su da 'ya'yansu. Kaito! Shin wannan ne fiƙihun da muka karanta? Mukhtasar na Halilu, wanda ke cikin zauren kowane malami, ya halatta a ba fakiri ɗaya nisabi ko fiye da nisabi, gwargwadon abin da zai ishe shi shekara. Imamu Nawawi kuma cikin Majmu'u ya tafi a kan cewa mai sana'a a ba shi abin da zai sayi kayan aikinsa, kome tsadarsu, ɗan kasuwa a ba shi jarin da ribarsa za ta riƙe shi. Abu Dawuda ya ruwaito labarin mutumin Madina da ya zo roƙo, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka sayar da shimfiɗarsa da ƙoƙonsa dirhami biyu, ɗaya na abincin iyali, ɗaya na gatari, ya sa masa ƙota da hannunsa mai albarka, ya yanka masa kwana goma sha biyar, mutumin ya dawo da dirhami goma. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, amma ku dubi tsarin: abinci, kayan aiki, hannun mai koyarwa, da ranar dawowa a duba. Abin da mutanen Bangaladesh suka gano da lissafi yana cikin littattafanmu, mu ne muka karanta muka rufe.

Idan wani ya ce, in an ba mutum ɗari abin da ya isa, mutum dubu za su tafi hannu wofi, sai mu ce masa: mai yunwar yau a ciyar da shi, wannan ƙofa ce dabam, ba mu rufe ta ba. Amma kada ka kira ciyarwa da sunan fid da mutum daga talauci. Ɗarin da ka tsayar bana ba za su dawo ba, baɗi ka tsayar da wani ɗari, har wata rana waɗansunsu su fid da zakka. Dubun da ka yayyafa wa, dubu ne har abada.

Idan ya ce, ai ƙungiyar nan tana ba da bashi da ruwa, sai mu ce gaskiya ne tana yi a wani sashe na aikinta, ba mu yaba ba, ba mu kuma kira gare shi ba. Abin da muka ɗauko shi ne hanyar kyauta da lazimta, mai hankali kuwa yakan sha zuma ya bar kakin. Ku ji kuma abin da ya faru can wajen 1994. Waɗansu masu wa'azi suka tunzura jama'a, aka ƙone makarantun ƙungiyar, aka sare itatuwan da matalautan mata suka dasa domin kiwon tsutsar siliki. Wa ya yi hasara? Bazawarar da ganyen nan ne abincinta. Mai sarewa bai dasa mata wani ba. Wanda zai hana talaka wata ƙofa, wajibi ne ya buɗe masa wadda ta fi ta, in ba haka ba ya kame bakinsa.

Idan ya ce, sana'a za ta ɗauke yaro daga allo, sai mu tambaye shi: tsakanin karatun safe da na yamma ina yaron yake? Ranar Alhamis da Juma'a ina yake? Yana bakin tasha da roba. Magabatanmu gardawa sun yi ɗinkin hula da wankau da yankan farce suka haddace. An ruwaito Shehu Usmanu yakan tufka igiya ya ci daga gumin hannunsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma cikin Usulus Siyasa ya umarci shugaba da raya masu sana'a, maƙera da madinka da marina da massassaƙa. A 2012 BRAC ta fara sanya yaran da suka bar makaranta hannun gwanaye cikin kasuwa wata 6, tela da mai gyaran waya da mai gyaran firji, tana ba yaro ɗan guzuri tana ba maigidansa lada, har da 'yan mata da naƙasassu. Wannan ai tsarin yaro da ubangida ne da muka gada a Kurmi da rinin Ƙofar Mata, sai dai su sun sa masa wa'adi da mai dubawa. Tun 1978 kuma suka buɗe kanti mai suna Aarong a Dakka domin sayar da saƙa da ɗinkin matan ƙauye, saboda sun ga masu kantuna suna karɓar kayansu su jinkirta biya. Sana'ar da ba ta da kasuwa wahala ce.

Saboda haka, ya ɗan'uwana malam, duk ƙungiyar da ta zo neman almajiranka, ka yi mata tambaya biyar kafin ka ba ta ko ɗaya. Wata nawa ne koyon, kuma hannun wane gwani? Me yaro zai ci kafin ya fara samu? Kayan aiki nasa ne shi kaɗai ko na tarayya? Wa zai saya, a wace kasuwa? Waɗanda kuka koyar bara suna ina, mu je mu gan su? In ta amsa, ka riƙe ta hannu bibbiyu ka yi mata addu'a. In ta ce hoto za a ɗauka, ka ce mata yaranka ba kayan ado ba ne. Kai kuma attajiri, ka zaɓi gida goma ka tsayar da su bana. Kai kuma almajiri, in an ba ka kayan aiki amana ce, kada ka sayar, kada ka ji kunyar allura ko guduma, roƙo shi ne abin kunya.

Allah ya sa mu ji mu yi aiki da abin da muka ji, ya wadata mu da halalinsa. Haza wasalam.